Yadda Za A Koyar Da Shimfiɗun Ƙasa A Ƙaramar Sakandare A Legas, Da Yadda Za A Gwada Fahimtar Ɗalibai

Malamin kimiyya da ke koyarwa a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, yakan gamu da wata matsala idan ya zo darasin duwatsu: littafi yana nuna hoton tsauni mai shimfiɗu hawa-hawa, amma yaron da ke gabansa bai taɓa ganin tsauni ba, abin da ya sani shi ne kwalta, da kwata, da yashin da tifa ke jibgewa a bakin gini. Wannan bai kamata ya karya wa malami gwiwa ba, domin Legas kanta a kan shimfiɗun yashi da laka take zaune, waɗanda ruwan teku da na koguna suka tara cikin dogon zamani, kuma duk wanda ya haƙa rami a garin yana yanka su ne ɗaya bayan ɗaya.

Manufar darasin guda ce, kuma ya kamata malami ya riƙe ta tun daga farko: yaro ya dubi shimfiɗu ya faɗi wanne ya riga wanne, sa'an nan ya kawo dalilinsa. Ƙa'idar da ake ginawa a kai tsohuwa ce. Nikolas Siteno, wani likita ɗan ƙasar Denmak da ya yi aiki a Italiya, ya rubuta a 1669 cewa idan ba a birkita shimfiɗu ba, na ƙasa ya girmi na sama, kuma laka da yashi suna kwanciya ne a miƙe lokacin da suke taruwa, saboda haka duk shimfiɗar da aka gani a karkace, wani abu ne ya same ta daga baya.

Kada a fara da wannan bayanin a allo. A fara da robar ruwa mai haske wadda aka yanke wa kai, ɗaya ga kowane rukuni na ɗalibai huɗu ko biyar. Ran Litinin su zuba tsakuwa, ran Talata jar ƙasa, ran Laraba farin yashi, haka har Juma'a, kullum suna dannawa kaɗan suna rubuta sunan ranar a jikin robar. A ɗaya daga cikin ranakun su binne murfin kwalba ko ɓawon katantanwa kusa da bango yadda za a riƙa hango shi. Na fi son wannan hanya a kan wadda aka saba, ta zuba komai cikin ruwa a girgiza a bari ya kwanta, domin girgizawar tana koyar da abu dabam: tsakuwa tana nutsewa nan take, yashi ya biyo, laka kuwa sai ta kwana kafin ruwan ya washe. Wannan bambancin nauyi ne a lokaci guda. Idan aka haɗa gwaje-gwajen biyu ba tare da bayani ba, yara da yawa za su tashi da zaton cewa manyan duwatsu ne kullum a ƙasa, wanda kuskure ne mai wuyar cirewa.

Mako na biyu shi ne na ɓata abin da aka gina, kuma a nan darasin yake da armashi. Malami ya sa cokali ya kwashe shimfiɗar Juma'a da rabin ta Alhamis, sa'an nan ya zuba sabuwar ƙasa a kai, ya tambayi ajin ko baƙon da bai halarci makon jiya ba zai iya gane cewa akwai ranar da ta ɓace. Haka zaizayar ƙasa take yi: tana share wani zamani baki ɗaya, ta bar giɓi a tarihin wurin. Irin wannan giɓin ne Jems Hoton, wani masanin duwatsu, ya nuna wa abokansa a gaɓar tekun Sikotlan a 1788, inda shimfiɗu kwantattu suka hau kan wasu da suke tsaye. Bayan haka a tsaga shimfiɗun da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, a cika tsagar da garin gawayi, domin yara su gani da idonsu cewa abin da ya yanka shimfiɗa dole ya zo bayanta.

Daga nan sai a fita daga aji. Unguwanninmu ba su rasa masu haƙar rijiya, kuma da yawansu Hausawa ne waɗanda suka san ƙasar Legas da hannunsu fiye da yadda littafi zai bayyana ta. A gayyaci ɗaya, cikin girmamawa, ya gaya wa yara abin da yake tararwa daga sama har ya cim ma ruwa, yara kuma su zana abin da ya faɗa a tsaye, gaba bayan gaba. Idan akwai inda ake haƙa harsashin gini ko rijiyar burtsatse kusa da makaranta, a nemi izini a ɗebo ƙasar kowane zurfi a leda, a rubuta zurfin a jiki. Kada a bar yaro ko ɗaya ya matsa bakin rami, balle ya shiga, domin jiƙaƙƙen yashi yana ruftawa ba tare da alama ba, musamman da damina.

Makarantar da ke da hali ta kai ɗalibai hanyar Abekuta. A Ewekoro ta Jihar Ogun ana fasa dutsen farar ƙasa domin yin siminti, kuma a cikin dutsen akwai burbushin halittun ruwa da suka rayu kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, shaidar cewa teku ya taɓa rufe wurin. Dutsen Olumo na cikin Abekuta kuwa ba shi da shimfiɗu, domin narkakken dutse ne da ya daskare a can cikin ƙasa, kuma ya girmi na Ewekoro nesa ba kusa ba. Yaran da iyayensu suka fito daga Sakkwato za su ji daɗin sanin cewa farar ƙasar Kalambaina ma a ƙarƙashin teku ta taru. Da irin wannan burbushin Wiliyam Simit na Ingila ya riƙa gane shimfiɗa guda a wurare masu nisa da juna, har ya fitar da taswirarsa ta shimfiɗun ƙasar Ingila a 1815.

Wajen gwaji, tambayar da ke neman yaro ya kawo ma'anar kalma ba ta nuna komai sai ƙarfin haddarsa. A ba shi zanen da bai taɓa gani ba, mai shimfiɗu biyar, da tsaga ɗaya, da wurin da ruwa ya zaizaye, a ce ya jera abubuwan da suka faru daga na farko zuwa na ƙarshe, ya rubuta dalili a gaban kowanne. A cikin maki 10, shawarata ita ce a ba jerin 3, dalilai 5, tsabtar zane da lakabi 2, saboda yaro yana iya dacewa da jeri ta hanyar canke, amma ba ya iya canken dalili. A lura da kurakurai biyu da ke yawan fitowa: zaton cewa shimfiɗa mai kauri lalle ta fi daɗewa tana taruwa, alhali ambaliyar dare ɗaya tana iya tara abin da ya fi na shekaru, da kuma zaton cewa jerin shimfiɗu yana faɗin adadin shekaru, alhali wa da ƙane kawai yake nunawa.

Sau da yawa yaro yana da Hausa a gida, Yarbanci a titi, Turanci a aji, saboda haka a ba shi dama ya fara bayani da baki cikin harshen da ya fi sakewa, kafin ya rubuta da Turancin da jarrabawar kammala aji uku za ta nema. Ga waɗanda suka yi nisa, a tambaye su game da tulin ƙasar da mai haƙar rijiya ya tara a gefen ramin: wace ƙasa ce a saman tulin, ta saman rijiyar ko ta gindinta, kuma me ya sa ƙa'idar Siteno ba ta aiki a nan? A ƙara musu da yashin da aka yaso daga ƙarƙashin ruwa aka cike fadamun Lekki da shi, su bambance tsakanin shekarun ƙwayar yashin da ranar da aka shimfiɗa shi a wurin.