Kurakuran da Masu Jitar Bes Suka Fi Yi Wajen Saye, Kiɗa da Sayarwa

Mai kaɗa jitar bes, wato jitar lantarki mai kaurin murya, a jihar Kebbi ba shi da shagon kayan kiɗa a bayan gidansa. Ko a coci yake kiɗa a Zuru, ko yana cikin ƙungiyar da ake ɗauka domin biki a Birnin Kebbi da Yawuri, jitar da ke hannunsa galibi ta fito ne daga kasuwar Alaba ta Legas, ko daga Sabon Garin Kano, ko kuma daga wajen wani makaɗi da ya gaji da ita. Wannan nisa shi ya sa kuskure yake da tsada a nan, domin abin da mutumin Legas zai mayar wa mai shago kafin magariba, mutumin Kebbi sai ya zauna da shi shekara da shekaru. Mafi yawan asarar kuwa daga wurare biyu take fitowa, wuyan jitar da wutar lantarki, alhali mai saye yakan kashe hankalinsa ne a kan fenti da sunan da aka rubuta a kanta.

Sunan shi ne tarko na farko. Kamfanin Fender na Amurka ya fitar da samfurin Precision a 1951, sannan samfurin Jazz a 1960, kuma tun daga lokacin ake kwaikwayon surarsu a ko'ina. Kwaikwayon sura ba laifi ba ne, amma akwai jabu da ake manna wa tambarin Fender a sayar wa wanda bai sani ba. Idan aka ce maka jita ƙirar Amurka ce, aka kuma sallama maka ita a kuɗin da bai kai na sabuwar Squier, wato samfurin Fender mai rahusa, ba, to arha ce irin wadda ba ta ado. Ka nemi lambar ƙira da ke jikinta, ka duba ta a shafin kamfanin. Jitocin Fender da aka ƙera a Mekziko tun daga 2010 lambarsu da MX take farawa. A ganina, makaɗin da kiɗa ke ciyar da shi ya fi cin riba da Yamaha, Ibanez, Cort ko Squier ta gaskiya mai lafiyayyen wuya, a kan babban suna da ba a san asalinsa ba.

Duba wuya ba ya cin minti biyar, amma kaɗan ne suke yinsa. Ka saita tsirkiyoyin tukuna, domin wuyan da ba a ɗaure masa tsirkiya yadda ya kamata ba yana ɓoye aibinsa. Sai ka ɗaga jitar ka kai gindinta kusa da idonka, ka bi gefen wuyan da kallo har zuwa kai, ta ɓangaren tsirkiya mai kauri, sannan ta ɓangaren siririyar. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, har ma ana bukatarsa. Abin gudu shi ne murɗewa, wato ɓangare ɗaya ya miƙe ɗayan ya karkace, domin wannan ya fi ƙarfin gyaran gida. Daga nan ka danne tsirkiya mai kauri a ƙarfen farko, cikin siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuyan, da yatsan hagu, ka danne ta a ƙarfen ƙarshe da hannun dama, ka dubi ratar da ta rage tsakaninta da ƙarfe na takwas. Abin da ake so bai wuce kimanin milimita 0.3 ba, kaurin katin waya na takarda ke nan. Sannan ka kaɗa kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, kana sauraron inda murya za ta yi kaushi ko ta mutu.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda masu sayarwa ba su cika so ba. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ke riƙe shi, domin tsirkiyoyi huɗu suna jan itacen da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80 dare da rana. Ka ce wa mai jitar, “Maigida, a yi haƙuri a ɗan juya mini sandar wuyan in gani.” Idan ya amsa da cewa, “Haba ɗan'uwa, ai ba a taɓa taɓa ta ba,” wannan ba amsa ba ce. Sandar da ta cije, ko wadda kan noti nata ya cinye, ta mayar da jitar kayan ado, kuma gara ka haƙura da cinikin komai kyawun fentin. Wanda zai saya daga nesa ta WhatsApp ko Facebook, ya nemi a ɗauko masa bidiyon waɗannan gwaje-gwaje, ko ya tura wani makaɗi da ya amince da shi ya gani da idonsa kafin ya tura ko sisi.

Jitar da ta taso daga laimar Legas ta sauka Birnin Kebbi a tsakiyar hunturu ba za ta zauna yadda aka saita ta ba. Itace yana shan danshi yana kuma fitar da shi, kuma masu ƙera kayan kiɗa sun fi son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, alhali busasshiyar iskar Disamba da Janairu takan sauka ƙasa da kashi 20. Sai allon wuyan ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana kartar tafin hannu, tsirkiyoyi su ɗaga ko su kwanta. Da damina ta sauka kuma sai itacen ya sake motsi. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka an yi wa mutum zamba, ko a bar jitar a haka ana fama da ita har yatsu su yi kanta. Maganin shi ne a bar sabuwar jita ta yi mako ɗaya ko biyu a cikin jakarta ta saba da iskar gari, sannan a saita ta, a kuma sake dubawa a farkon hunturu da farkon damina. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 shi ma abokin gaba ne, don haka kada a bar jita a cikin rufaffiyar mota ko a jingine ta a ɗakin kwano da rana ke duka.

Wajen saitin ma akwai masu wuce gona da iri. Sandar wuya ba a juya ta sama da rubu'in zagaye a lokaci guda. Juyawa dama yana miƙar da wuyan, hagu yana sassauta shi, kuma bayan kowane juyi sai a sake saita murya a ba itacen lokaci ya zauna. A tabbata alanki, wato ɗan makullin da ake juya sandar da shi, ya shiga daram, domin ƙirar Amurka da ma'aunin inci take, ƙirar Asiya kuwa galibi da milimita, kuma alankin da ya kusa daidai shi ne yake cinye noti. Idan jita tana daidai a buɗe amma tana saɓawa a can sama, a gwada muryar ƙarfe na 12: in ta yi sama da yadda ya kamata, a ja mazaunin tsirkiyar baya, in ta yi ƙasa a matso da shi gaba.

Masu farawa da yawa suna ɗokin jita mai tsirkiya biyar saboda muryar B ta ƙasa, wadda ta fi E, mafi kaurin muryar jita mai tsirkiya huɗu, sauka ƙasa. A coci tana da amfani ƙwarai, amma sai da sifikar da za ta iya ɗaukar ta, kuma tsirkiyoyinta sun fi tsada da wuyar samu a Kebbi. Mai jitar da ke aiki da batir mai bolt 9 kuwa ya sani cewa muddin waya tana soke a jikinta batirin yana ci, ko da ba a kiɗa, don haka a zare waya bayan aiki, a kuma ajiye batir na biyu a aljihun jaka.

Amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa jitar sauti, ita ce inda kuɗi suka fi ƙonewa, kuma a zahiri suke ƙonewa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Amfilifaya ta hannu da aka shigo da ita daga can tana iya zama ba ta ɗaukar wutarmu, kuma sokawa ɗaya ta isa ta hallaka ta. A karanta rubutun da ke bayanta kusa da mashigar wuta kafin komai, in ta 120 ko 100 ce a haɗa ta da taransifoma mai rage wuta wanda ya fi ƙarfin abin da take ja. A wurin biki, inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, a kashe amfilifaya kafin a sauya, kuma ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa. Sitabilaiza mai kyau ba almubazzaranci ba ce. Akwai kuma al'adar karya ƙafar filogi ta uku domin ya shiga soket, wadda ta fi komai haɗari: tsirkiyoyin jita a haɗe suke da layin ƙasa na amfilifaya, kuma idan wannan layi ya yanke aka sami matsala a ciki, jikin makaɗin ne wuta za ta bi, musamman in leɓensa ya taɓa makirufo ko yana tsaye ba takalmi a ƙasa mai laima.

Ƙaramar amfilifaya mai wat 15 ko 25 ta gwaji ce a ɗaki. Wanda zai tsaya kusa da mai ganguna a fili yana bukatar wat 200 ko fiye, ko kuma ya tura muryarsa kai tsaye cikin mikisa ta babban sauti. Matsa wa ƙaramar har ta riƙa kuka, ko soka bes a amfilifayar jita ta yau da kullum, su ne suke yaga sifika. A lura da lissafin om, wato ma'aunin turjiyar sifika ga wuta: akwatunan sifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su gefe da gefe sun koma om 4, biyu masu om 4 sun koma 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa jure ƙasa da 4. Wayar jita da wayar sifika kansu iri ɗaya ne a ido, amma ba a musanya su.

A fagen kiɗa kuskuren da ya fi yawa shi ne cika surutu. Matashin da ya kalli gwanaye a YouTube yakan so ya zuba duk abin da ya koya a waƙa ɗaya, alhali wanda ya ɗauke shi aiki so yake mutane su tashi su yi rawa, mawaƙi kuma ya sami inda zai ɗora muryarsa. Aikin bes shi ne ya manne da babbar gangar ƙafa, su riƙa faɗuwa tare. A kiɗanmu na nan, inda kalangu ko kotso suke da tasu magana, mai bes da ya bi kowane kari nasu sai ya rufe su, don haka ya riƙe ginshiƙin kiɗan ya bar musu fili. Haka kuma ya yi magana da mai fiyano tun a wajen gwaji ya sassauta hannun hagunsa, domin muryoyi biyu masu kauri a wuri ɗaya ba sa haifar da komai sai gunji. Ƙure maɓallin kaurin murya shi ma gunjin yake ƙarawa, musamman a zaure mai rufin kwano. Ɗaga muryar tsakiya kaɗan shi ke sa a ji bes a fili. Tsirkiyoyin da ba a kaɗawa a danne su da babban yatsa ko gefen hannu don kada su yi amo, a bar amfilifaya ta yi aikin ƙara maimakon finciko da ƙarfi, a kuma goge gumi da ƙura da tsumma bayan kowane wasa, tunda sababbin tsirkiyoyi sai an yi saƙo.

Batun kuɗin aiki gajere ne. Liƙi a goshin mawaƙi yake sauka, mai bes yana can baya, saboda haka a yanke ladan aiki da kason liƙi tun kafin a loda kaya a mota, a kuma karɓi kafin alƙalami idan tafiyar mai nisa ce kamar Kamba ko Argungu.

Ranar sayarwa, gaggawa ce take karya farashi. Masu sayen bes a Kebbi ba su da yawa, kuma wanda ya fito da jitarsa ana gobe zai biya kuɗin haya, duk abin da aka taya shi zai karɓa. A wanke ta, a saita wuyan, a ɗauki hoto da hasken rana har da inda ta ƙuje, a sanar da makaɗan Sakkwato da Kontagora ma, ba na gari kaɗai ba. Kuɗin da aka kashe wajen sauya mata maganaɗisun da ke ɗauko sautin tsirkiya ko sabon fenti ba kasafai suke dawowa ba, don haka a adana kayanta na asali a mayar mata da su. Ɓoye aibi kuwa, ban da kasancewarsa haramun a ciniki, wauta ce a sana'ar da kowa ya san kowa. Idan da dillali, a yanke la'adarsa tun farko. Idan abokin ƙungiya ne zai saya bashi, a rubuta adadi da ranar biya a gaban shaida. Kada a miƙa jita saboda saƙon shigar kuɗi da mai saye ya nuna a wayarsa, sai an buɗe asusu an ga kuɗin. A kuma ba mai saye rasit mai ɗauke da lambar ƙirar jitar, a riƙe kwafi, domin kayan kiɗan da aka sace daga coci ko situdiyo ta hannun masu saye da sayarwa suke yawo, kuma takardar ce za ta wanke ku duka biyu idan wani ya zo yana cewa tasa ce.