Idan Giyar Babur Tana Zamewa Zuwa Firi

Duk wanda babur ya taɓa faɗa masa firi a cunkoson Ƙofar Nassarawa, inji yana ihu amma taya ba ta ja, ya san abin ba na wasa ba ne. Kafin ka zargi inji, fara da ƙafarka, domin sau da yawa taɓa sandar giya ake yi sama-sama, musamman da silifas. Taka ta har ƙarshe, sannan ka sake ta ta koma mazauninta.

Daga nan sai wayar kulochi. A yawancin ƙananan babura ana barin sako-sako na milimita 10 zuwa 20 a bakin hannun kulochi. Idan ya wuce haka, kulochin ba ya rabuwa sosai, giya kuma sai ta cije. Ƙurar hunturu tana busar da wayar, don haka ɗiga mata mai. Duba ƙusar sandar giya ma, ka canja baƙin mai idan ya tsufa, kuma a ganina kada ka yarda da na mota, nemi mai alamar JASO MA, wato shaidar cewa man ya dace da kulochin babur.

Idan giya ɗaya ce kullum take fita, galibi haƙoranta ne suka cinye, sai makanike ya buɗe inji.