Yadda za ka kula da harshen algaitar Sikotlan a damina da hunturu

Masu busa a ƙungiyoyin badujala sun sha tambayata yadda za su hana harshen algaitar nan mai jaka lalacewa. Harshen shi ne ɗan abin da ke cikin bututu mai fitar da sauti. Da kara ake sassaƙa shi, kuma kara yana shan danshi. Da damina sai ya kumbura, muryarsa ta dushe. Da hunturu kuwa sai ya bushe ya tsage.

1. Kafin ka fara busa, duba leɓɓan harshen a haske ko akwai tsaga ko baƙin ɗigon funfuna.
2. Da hunturu, yi busa a hankali na minti 5 zuwa 10, numfashinka ya jiƙa shi.

Hattara: kada ka tsoma shi cikin ruwa. A nan mutane da yawa ke kashe harshe mai kyau.

3. Da ka gama, zare bututun da harshen yake kai, ka ja shi a miƙe kada harshen ya gogi katako.
4. Zubar da ruwan da ya taru a matarar danshi ta cikin jaka.
5. Goge cikin dogayen bututan algaitar guda uku da burushi.
6. Da damina, bar harshen ya sha iska a inuwa kafin ka rufe shi. Ban da rana, ban da cikin mota.
7. Da hunturu, rufe shi nan take da murfinsa, da ƙunshin danshi irin na Boveda in ka samu.
8. Gwada zaren da ke gaɓoɓin bututan. In ya saki, ƙara zare mai kakin zuma. In ya cije, kada ka murɗa da ƙarfi, katakon zai fashe, kuma ya fi harshen tsada nesa ba kusa ba.