Yadda Ake Bin Tarihin Bafaden Habasha: Misalin Fitawrari Habte Giyorgis

Duk mai son ya fahimci rayuwar wani sarkin yaƙi na fadar Habasha, ya fara da warware sunansa, domin abubuwa uku ne ake haɗawa wuri guda. Ɗauki Fitawrari Habte Giyorgis Dinagde: kalmar farko sarauta ce, Habte Giyorgis sunansa na kansa, Dinagde kuwa sunan mahaifinsa ne, tunda Habashawa ba su da sunan dangi da ake gada. Ka kuma nemi laƙabinsa, saboda a waƙoƙin yabo da shi ake kiran manya, sau da yawa ma da sunan dokinsu. Sarki Menelik na Biyu shi ne Abba Dagnew, sarkin yaƙi Ras Alula kuma Abba Nega, shi kuwa Habte Giyorgis an fi saninsa da Abba Mela, wato mai dabara.

Daga nan sai ka koma kan sarautar, a nan ne masu karatu suka fi yin tuntuɓe. Asalin waɗannan muƙamai tsarin sahun yaƙi ne: Fitawrari ke jan rundunar gaba, Kenyazmach yana hannun dama, Grazmach yana hagu, Dejazmach yana gaba da su a daraja, Ras kuma yana sama da duka. To amma kada ka auna ƙarfin mutum da wannan tsani kaɗai. Habte Giyorgis, wanda aka kamo a yaƙi yana saurayi ya tashi a hidimar Menelik, bai wuce Fitawrari ba har ya bar duniya a Disambar 1926, alhali shi ne ministan yaƙi tun da aka kafa majalisar ministoci a 1907, kuma maganarsa ta fi ta Ras da yawa nauyi. Saboda haka ka duba abin da mutum ya riƙe a hannu, kamar sojoji da ƙasar da yake karɓar harajinta. Shi dai ya ci ƙasar Borana da ke kudu a 1897.

Kwanan wata ma yana buƙatar kulawa, domin kalandar Habasha wata 13 gare ta, kuma shekararsu tana kamawa ne a Satumba. Idan takarda ta ce an yi yaƙin Adwa ran 23 ga watansu na Yekatit 1888, to 1 ga Maris 1896 ke nan, ranar da aka karya Italiyawa. Ƙa'idar ita ce a ƙara shekara 7 kan shekarar Habasha daga shigowar sabuwar shekararsu a Satumba zuwa Disamba, a ƙara 8 a sauran watanni.

Sannan ka lura da ɓangaren da ya tsaya a rikicin gadon sarauta, don a nan ake gane matsayin bafade. Da aka tuɓe Lij Iyasu, jikan Menelik da ya gaje shi, a Satumbar 1916, Habte Giyorgis ne ya ja dakarun lardin Shewa zuwa Segale, inda suka kama mahaifin Iyasu, Negus (wato sarki) Mikael na lardin Wollo, ran 27 ga Oktoba.