Yadda Ɗalibi a Madina Zai Fara Karatun Littattafan Falsafar Siyasa

Ɗalibi Bahaushe da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, wanda yake son sanin tarihin tunanin siyasa, ya kamata ya fara da abin da ya fi kusa da gida, wato wasiƙar da Shehu Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a kan wajiban sarakuna, sannan ya bi ta da Diya'ul Hukkam na Abdullahi ɗan Fodiyo. Gajeru ne, kuma masarautun da suke magana a kansu sanannu ne gare shi.

Daga nan sai ya koma ga Al-Ahkamus Sulɗaniyya na Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, yana karantawa da alƙalami a hannu. Dabarar da ta fi amfani ita ce ya riƙe tambayoyi guda uku a kan kowane marubuci: daga ina shugaba yake samun halaccin mulki, mene ne iyakar ikonsa, kuma me ake yi idan ya yi zalunci? Ya rubuta amsar kowa a littafi ɗaya tare da zamanin da ya rayu, domin Al-Mawardi ya yi rubutu ne lokacin da Buwaihawa, wani gidan sarauta daga ƙasar Farisa, suka danne ikon halifan Bagadaza, kuma wanda bai san wannan ba zai ɗauki littafin tamkar fiƙihu zalla.

Muƙaddimar Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377, a ganina a jinkirta ta, saboda bayaninsa na asabiyya, wato haɗin kan jama'a ko ƙabila, yana buƙatar sanin tarihin dauloli. Aflaɗon (Plato) kuwa, masanin falsafar Girka, a shiga masa ta ƙofar Al-Farabi, masanin falsafa Musulmi da ya yi bayanin tunaninsa.