Sabon Shugaban Kwaleji a Karkara: Yadda Ake Tsara Aikin Shekara Biyar

Wanda aka miƙa wa takardar naɗi ya shugabanci kwaleji a garuruwa irin su Gumel, Ringim, Bichi ko Dambatta, takardar da ya kamata ya fara karantawa ita ce dokar da ta kafa kwalejin. A cikinta zai ga tsawon wa'adinsa, da iyakar ikonsa, da abin da sai majalisar gudanarwa ta amince. Dokar kwalejojin ilimi na tarayya ta 2023 ta ba shugaba wa'adi ɗaya na shekara biyar, su kuwa kwalejojin jiha kowace da dokar da majalisar jiharta ta yi mata. Amfanin sanin wannan tun da wuri shi ne kada a rubuta tsarin shekara goma ga mutumin da zai sauka a ta biyar.

Wata uku na farko: ƙidaya

Kada a rubuta ko layi ɗaya na tsari kafin a gama ƙirga abin da ke ƙasa. Takardar miƙa ragama da tsohon shugaba ya bari tana da amfani, amma abin da ya ga dama ya faɗa ne a ciki.

A fara da ɗalibai. A nemi lamba uku daban-daban na shekara biyar da suka wuce, sashe-sashe: waɗanda aka ba gurbi ta JAMB, waɗanda suka zo suka yi rajista, da waɗanda suka biya kuɗi cikakke. Magatakarda ya kawo biyun farko, ma'aji ya kawo ta uku, sannan a zaunar da su tare a gwada. Da wuya lambobin su zo ɗaya, kuma a tazarar da ke tsakaninsu matsalar kwalejin take ɓoye. Idan an ba mutum 1,200 gurbi, 800 suka yi rajista, 650 suka biya, to kasafin kuɗi a kan 650 za a ɗora shi. Shugabannin da suka ɗora a kan 1,200 su ne wata na bakwai ke riska ba kuɗin man janareta. A raba lambobin kuma tsakanin maza da mata, a duba a wane aji mata suka fi barin karatu.

Sai ma'aikata. Kowane sashe a rubuta sunan malami, takardar shaidarsa mafi girma, matsayinsa, shekarar da zai yi ritaya, da ko yana nan ko ya tafi ƙaro ilimi. Layin ritayar nan shi aka fi mantawa da shi. Sashen Larabci ko na Hausa yana iya zama da malamai takwas yau, alhali manyan ukun da ke riƙe da shi za su ajiye aiki cikin shekara biyu.

Gine-gine ba a ofis ake ƙirga su ba. Shugaba ya ɗauki daraktan ayyuka su zaga da ƙafa, aji-aji: kujeru nawa ne masu zaunuwa, wane rufi ke yoyo, bayi nawa ke aiki, rijiyar burtsatse nawa ke ba da ruwa a watan Afrilu, ba a watan Agusta ba. A bi iyakar filin kwalejin har ƙarshe da takardar mallaka a hannu, domin filin da ba katanga a karkara, damina uku ta ishe shi ya zama gonar wani.

Na ƙarshe bashi: na 'yan kwangila, na alawus ɗin malamai, na wutar KEDCO, da wani bashin da ba na kuɗi ba, wato sakamakon jarrabawar ɗaliban da suka gama amma ba a fitar ba.

Jadawalin tantancewa

Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin duka. Hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi, wadda aka kafa a 1989, ita ke tantance kwasa-kwasan NCE, wato takardar shaidar malanta. Kwalejojin kimiyya da fasaha da na aikin gona kuwa suna ƙarƙashin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha mai hedikwata a Kaduna. A yi takarda guda mai ɗauke da kowane kwas, matsayin da ya samu a zuwan ƙarshe (cikakke, na wucin gadi, ko an hana), ranar da zai ƙare, da kurakuran da masu tantancewa suka rubuta a rahotonsu. Rahoton nan yakan kwanta a durowa shekaru ba wanda ya buɗe, alhali shawara ce ta ƙwararru da aka riga aka biya kuɗinta.

Daga ranar dawowarsu ake lissafi a koma baya. In sauran wata 24, kuma an ce sashe ba shi da isassun manyan malamai, to neman izinin ɗaukar ma'aikata daga gwamnati yanzu za a fara, don takarda takan daɗe a ma'aikata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aron littattafai da kayan ɗakin gwaji daga wata makaranta ana sauran mako guda dabara ce da kowa ya sani, har masu tantancewar, kuma ranar da aka mayar da kayan, ɗalibi ya koma inda yake.

Su wa za su rubuta

Kwamitin mutum goma sha ɗaya zuwa goma sha biyu ya isa. Mataimakin shugaba ya jagoranta, da ma'aji, da wakilin magatakarda, da mai kula da laburare, da daraktan ayyuka, da shugabannin tsangayoyi biyu ko uku, da wakilin ƙungiyar malamai ta COEASU, da na sauran ma'aikata, da ɗalibi namiji da mace. Shi shugaban kada ya shiga, don in yana zaune kowa "haka ne ranka ya daɗe" zai riƙa cewa. Kada kuma ya cika kwamitin da mutanen da suka mara masa baya lokacin neman kujera. Wanda ya yi takara da shi ya faɗi, in mutumin kirki ne, ya fi kowa sanin inda ke yoyo.

Ana iya ɗauko masani daga waje ya tsara zaman, amma kada a ba shi kwangilar rubutawa. Kundin da baƙo ya rubuta yakan fito da sheƙi, shafi tamanin, ba kuma malamin da ya san abin da ke shafi na goma.

A kai ziyara fadar sarki ko hakimi, a zauna da dagatai, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin da ke kewaye, da shugabannin makarantun da ɗalibai ke zuwa koyarwar gwaji. Tambaya ɗaya ta fi amfani a wurinsu: wane irin malami kuke nema ba ku samu? Amsar ita za ta nuna kwas ɗin da ya kamata a faɗaɗa.

Zaɓen manufofi

Huɗu, in an matsa biyar. Kowace manufa sai ta amsa tambaya biyar a layi ɗaya: me za a yi, wa zai yi (sunan ofis guda, ba kwamiti ba), nawa zai ci, daga ina kuɗin zai fito, yaushe za a gama. "Inganta walwalar ɗalibai" ba manufa ba ce, fata ne. Manufa ita ce a ce ɗalibai 1,500 da ke kwana a makaranta, in kowa zai samu lita 20 a rana, ana bukatar lita 30,000. Rijiyoyin da ke aiki suna ba da kaza, saura kaza, don haka za a haƙa biyu masu sola kafin bazarar shekara ta biyu, daraktan ayyuka ke da alhaki.

Kafin a sa sabon gini a tsari, a lissafa amfanin waɗanda ake da su. Aji 30, awa takwas a rana, Litinin zuwa Alhamis, sun ba da awa 960, a ƙara rabin ranar Juma'a ya kai 1,080 a mako. A gwada da awannin da ke jadawalin darussa. Sau da yawa za a tarar ba aji ne ya yi kaɗan ba, kowa ne ke son koyarwa daga Talata zuwa Alhamis kafin azahar, musamman malaman da iyalinsu ke Kano ko Dutse. Maganin wannan gyaran jadawali ne da gidajen malamai, ba sabon ɗakin lacca ba. Sai dai gini ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, jadawali kuwa ba a yi masa biki, shi ya sa aka fi son gini.

Aljihu uku

Kuɗin kwaleji ta gwamnati daga wuri uku yake, kuma kowanne da abin da yake iya saye. Gwamnatin da ta mallaki kwalejin ita ke biyan albashi da ɗan kuɗin gudanarwa. Asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu, wanda dokarsa ta 2011 ta maye gurbin tsohon asusun ilimi, yana ba da kuɗin gini, kayan aiki, laburare, bincike, ƙaro ilimin malamai da duba koyarwar gwaji, amma ba ya biyan albashi ko man janareta. Na uku kuɗin shiga na cikin gida, wanda shi kaɗai ne ake iya juyawa yadda ake so, shi ne kuma mafi ƙanƙanta.

Kuɗin TETFund kashi-kashi ake sakinsa, kuma ba a sakin na gaba sai an kawo bayanin yadda aka kashe na baya. Ɗan kwangila ɗaya da ya gudu ya bar gini a rabi yana iya toshe wa kwaleji kason shekaru. Saboda haka a makon farko a kira jami'in da ke kula da teburin asusun a tambaye shi: wace shekara ce ta ƙarshe da muka rufe lissafinta? Kowane sabon gini kuma a rubuta masa kuɗin kula na shekara daga aljihu na uku, in ba haka ba ɗakin kwamfuta zai zama ɗakin ƙura. Wajen tura malamai ƙaro ilimi, a yi layi sashe-sashe, kada a saki uku daga sashe mai mutum shida a shekarar da masu tantancewa za su zo.

Kalandar gona

Iyayen yawancin ɗalibai sai kaka suke da kuɗi, bayan an sayar da gero, riɗi ko gyaɗa. Wa'adin biyan kuɗin makaranta da ya faɗo a Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ana neman taki, korar ɗalibai ne a fakaice. A raba biyan gida biyu, kaso mafi girma ya faɗo daga Nuwamba. A buɗe tebur na musamman da zai taimaka wa ɗalibai cike neman rancen karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, don da yawa ba su da wayar da za ta iya. Aikin rufi da magudanar ruwa a gama shi kafin Yuni. Kwalejojin da ke kwarin kogin Haɗeja, inda ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi, su guji sa jarrabawa ko fita koyarwar gwaji a ƙarshen Agusta da Satumba. A duba kuma inda azumi zai faɗo a kowace shekara ta biyar ɗin, tunda yana matsowa da kusan kwana 11.

Bayan majalisar gudanarwa ta amince, kundin kada ya wuce shafi ashirin, a ciro kuma taƙaitawar shafi ɗaya da Hausa a manna a kowane sashe, a aika wa hakimi da dagatai. Duk wata uku a yi zaman awa biyu, kowane mai alhaki ya faɗi abin da ya gama da abin da ya tsaya da dalili, a rubuce, magatakarda ya ajiye. Aikin da ya zo zama uku a jere bai motsa ba, a ranar za a yanke masa hukunci: a canja mai shi, a nemo masa wani aljihun, ko a cire shi daga kundin a sanar da majalisa a zamanta na gaba.