Shawara ga masu neman natsuwa a wasan bidiyo

'Yan'uwa, duk wanda yake son wasan bidiyo ya amfani zuciyarsa, ina ba shi shawarar ya gwada Journey, wanda kamfanin Thatgamecompany na Amurka ya fitar a shekarar 2012 a kan PlayStation 3, daga baya kuma aka kawo shi kan kwamfuta. Ana kammala shi cikin kimanin awa biyu, saboda haka a ware masa zama ɗaya, bayan an sallaci Isha'i, a ajiye waya gefe.

A bar intanet a kunne, domin a nan amfanin yake. Kana tafe cikin hamada sanye da jar alkyabba, ka doshi wani dutse mai haske can nesa, sai wani baƙo, wato wani mutum da yake buga wasan ta intanet a lokaci guda da kai, ya bayyana kusa da kai, ba ka san sunansa ko ƙasarsa ba, ba kuma halin magana sai ɗan sautin kira. Idan kuka matso kusa da juna, gyalen da ke ba ku ikon tashi sama yakan sake cika. Kada ka wuce ka bar shi idan ya yi jinkiri, musamman a cikin dusar ƙanƙara inda iska take mai da mutum baya. A ganina wannan jiran shi ne horon haƙuri mafi kyau a wasan.

Ba ibada ba ce, kada ta ci lokacin ibada. Idan ka gama, ka dakata har sunan abokin tafiyarka ya fito, sannan ka ɗan zauna shiru kafin ka kashe na'urar.